Dish ɗin da Aka Sauke Ina Takaba

Ni ban iya rubutu ba. Ɗiyar ƙanwata, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ke riƙe da alƙalami, ni kuma ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kuma in kuka ya zo mini ta jira ni ya wuce.

Na san abin da wasu za su ce. Bayan duk abin da ƙasar nan ta gani, ga tsohuwa tana kuka a kan farantin ƙarfe. Suna da gaskiya. Abin da zan faɗa ya faru ne kafin yaƙi, kuma yaƙin ya raba ni da abubuwan da suka fi shi tsada. Amma waɗanda suka yi mana wancan ban san su ba, ban goya ko ɗayansu ba. Wannan kuwa ɗana ne ya yi mini, autana.

Sai kun san matsayinsa a wurina za ku gane. Wanda bai iya karatu ba, da idon wani yake rayuwa. Babban ɗana yana aiki a Saudiyya, 'yan matan sun yi aure, ɗaya a Rufa'a, ɗaya can Damazin. Auta kaɗai ya rage a gari, da matarsa da 'ya'yansa biyu. Shi ke karanta mini saƙon da yayansa ya turo a waya, shi ke duba kwalin magani ya ce ƙwaya ɗaya da safe, shi ke faɗa mini abin da ke cikin kowace takarda da ta shigo gidan. In ya ce fari ne, ban taɓa neman wani ya sake dubawa ba. Bai son noma, bai daɗewa a kan sana'a, kuma sau da yawa na tsaya tsakaninsa da faɗan ubansa. Nakan ce, ku bar shi, yaron nan dai ba ya ƙarya.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, ba nisa da Wad Haddad. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso, suka zauna nan, mu kuma a nan aka haife mu. Ni ban taɓa ganin can ba. Mu tsofaffi Hausa muke yi a tsakaninmu, yara kuwa ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomi ne, yana da hawasha, wato gonar da ake ba ruwa daga magudana. Wata shekara da dawa ta yi kyau ya tafi Madani ya dawo da dish a bayan mota. Babba ne, sai da maza huɗu suka ɗaga shi kan ɗaki. Duk sauran dish ɗin garin ƙanana ne kuma wuri ɗaya suke kallo, namu ne kaɗai aka karkata shi yamma. Mai gyaran rediyo da talabijin na garinmu, wanda kowa ke ce wa Muhandis, wato injiniya, ko da yake bai yi wata makaranta mai nisa ba, ya yini a kan rufi yana juyawa, maigidana yana ƙasa yana ta ihu: "Ta zo! A'a, ta tafi! Koma kaɗan!"

Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji muryar mace tana yi wa mutane sallama da Hausa. Na waiwaya ƙofa ina zaton baƙuwa ce. Ashe a cikin talabijin take. Na ajiye rariya na zo na tsaya, hannuna duk gari, ina kallon mace mai kama da innata tana koya wa mutane haɗa miya.

Daga ranar gidana bai sake zama shiru ba. Da an yi la'asar sai mu fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, in dasa garwashi in soya kofi, in cika jabana, wato tulun yumɓun da muke dafa shi a ciki. Mata su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin tsincewarta ko saƙarta. Muna kallon wasan kwaikwayo, muna jin tafsiri, muna ganin kasuwannin can. Aminiyata, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, ita ce mai bakin taron. Ba wanda ya tsira daga gare ta, har mutanen cikin talabijin.

"Ku dubi wannan," in ji ta, "wai tuwo take tuƙawa da zobe a kowane yatsa. Yarinya, cire su, ba biki aka zo ba!"

"Ai ba ta jin ki," wata za ta ce.

"Tana ji. Kunya ce ta hana ta amsawa."

Bayan magariba kuma maza ke karɓar wurin, su kalli ƙwallo. Na san maigidana yana biyan wani mutum a Wad Haddad kuɗi duk wata, yana ce da shi ishtirak, kuma akwai wani kati da ake zurawa a cikin na'urar da ke haɗa dish ɗin da talabijin. Ban taɓa tambayar kuɗin na mene ne ba. Harkar maza ce. Ni dai ya jera mini tashoshina a farko, ɗaya, biyu, uku, ya nuna mini inda zan danna. Iyakar sanina ke nan, shekara da shekaru.

Sai ya kwanta ciwo kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga takaba yadda na ga uwata ta yi. Farin yadi marar ado, tabarma a ƙasa, ba turare, ba lalle, ba fita ko ƙofar gida. An lulluɓe talabijin da zane. Ba na magana da namijin da ba muharramina ba. Kuma da rana ta doshi faɗuwa sai in juya fuskata bango, in kama bakina, ba zan ce uffan ba sai na yi sallar magariba. Malamai suna cewa wasu daga cikin waɗannan ba addini ba ne, al'ada ce muka tarar a ƙasar nan muka ɗauka. Na ji su. Amma mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya, ban so a ce na rage masa komai ba.

Bayan an yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki, baƙi sun watse, Auta ya shigo da hantsi ya zauna a bakin tabarmata. Ya fito da wani baƙin abu daga aljihun jallabiyarsa, bai fi sabulun wanki girma ba.

"Yumma," ya ce, don haka yake kirana irin na Larabawa, "kin san nawa Baba ke biya duk wata saboda dish ɗin nan?"

Na ce ban sani ba.

Ya faɗi kuɗin. Na dafe ƙirji. Yanzu ba mai noma mana hawasha sai wanda za mu raba amfani da shi, kuma abin da yayansa ke turowa shi ne cefanena da maganina.

"Wannan akwatin kuwa," ya ce, "ta intanet yake aiki. Shi ma ana biya duk wata, amma bai kai wancan ba. Kowa shi yake komawa yanzu."

Ni lissafin baki yana ruɗa ni, musamman da kuɗin ƙasar nan ya koma dubbai a kan abin da muka saba saye da sulalla. Akwai ƙwallayen dabino a faranti, ragowar na masu ta'aziyya. Na jawo su na ce ya mayar mini da kuɗin ƙwallaye. Ya yi dariya, ya ce har yanzu ina nan da halina. Ya ƙirga bakwai ya tara a dama, ya ce dish ke nan. Ya ƙirga huɗu ya tara a hagu, ya ce akwati ke nan.

Na daɗe ina duban su. Ƙwallo uku duk wata, a shekara ya isa kuɗin magani na wata da watanni.

"Zan ga masu Hausar?" na tambaye shi.

"Duka. Har waɗanda ba ki taɓa gani ba. Kuma ba sai kin jira lokacinsu ba, duk sanda kika so za su zo."

"Huɗun nan su ke nan? Ba wani abu a bayansu?"

"Ishtirak ɗin akwatin ke nan, Yumma."

Ki rubuta wannan yadda ya faɗe shi. Na sha juya maganar a raina. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Ya zaɓi kalmominsa kamar mai tsallake ruwa a kan duwatsu, ni kuwa ban lura ba.

Na ce to dish ɗin fa? Ya ce in an bar shi a sama ba a amfani da shi tsatsa zai yi, kuma iskar damina tana iya fizge shi ta yaye mini rufi. Gara a sauke, ya ajiye a wurinsa.

Ban amsa a ranar ba. Na bar ƙwallayen a gefen tabarma kwana uku, bakwai a nan, huɗu a can. Da aminiyata ta shigo na nuna mata akwatin. Ta ɗaga shi, ta jijjiga a kunnenta.

"Wannan ɗan abin ne zai kawo mana Sakkwato? Wancan ƙaton ma sai da aka yini ana roƙonsa."

Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Sannan ta ce, "Ke dai kin san ɗanki. In ya ce haka ne, ai haka ne." A kan wannan na tsaya. Washegari na ce masa na yarda.

Ranar da za a sauke, ba su zo da safe ba, ba su zo da azahar ba. Sai da rana ta yi ja, na riga na juya bango, na ji sallama a ƙofar ɗakina. Muryar Muhandis ce.

"Hajja, Allah ya ba da haƙuri, ya jiƙan Malam. An ce in sauke dish. Da yardarki ne? Akwai abin da nake so in faɗa miki a kan tashoshinki."

Bakina a rufe. Ba muharramina ba ne, kuma lokacin shiru ne.

Auta ya ce, "Ka san ba ta magana yanzu. Ta yarda tun shekaranjiya. Mu hau kafin duhu ya yi."

"Hajja?" Muhandis ya sake cewa. Ya ɗan jira.

Da na yi tari ma da ya tsaya. Da na buga tabarma da hannu, ko na aika a kira aminiyata ta ji ta bakinsa, da ba haka ba. Amma na zauna ina kallon bango, ina ganin kamar ibada nake yi. Na ji takunsu a kan rufi, na ji kukan ƙarfe yana rabuwa da ƙarfe. Sannan na ji maza huɗu suna fita da abu mai nauyi ta ƙofar gida, ɗaya yana cewa a hankali, a hankali, karkata shi. Haka na ji ranar da aka fita da maigidana. Na cusa bakin mayafina a baki don kada kukan ya fita kafin a kira salla.

Dakata kaɗan.

To. Da wata huɗu da kwana goma suka cika, na yi wanka, na sa tob mai launi, wato lulluɓin da matan ƙasar nan ke yafawa, mata suka cika gidan. Da la'asar aka yaye zanen talabijin, aka fito da shi rumfa. Auta ya zo ya haɗa akwatinsa, ya danna wayarsa, ya danna wancan, sai ga Hausa ta dawo, hoto tas kamar ka taɓa. Ya tambaye mu wane wasa muke so, muka faɗa, ya kawo shi tun daga farko. Mata suka yi ta sa masa albarka. Aminiyata ta ce ta janye maganarta, ɗan abin nan aljani ne. Ni kuwa na ji alfahari, na ce a raina da ubansa yana nan da ya ga yaron da yake yi wa faɗa.

Sai aka kira shi a waya, ya ce yana zuwa, ya fita. Bai kai ƙarshen lungu ba hoton ya tsaya. Matar da ke magana ta daskare da baki buɗe, wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar fuskarta yana juyawa.

Muka jira. Kofi ya huce.

"Me yake niƙawa haka?" in ji aminiyata. "Tun ɗazu yake juyi ban ga gari ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Da ya dawo washegari ya yi mini bayani kamar abin da kowa ya sani. Akwatin ba ya aiki shi kaɗai, sai ya sha intanet, kuma jiya daga wayarsa yake sha. In ina so ya yi aiki ba ya nan, sai an sayi wata 'yar na'ura mai layin waya, a riƙa zuba mata kuɗi duk wata. Baga ake ce wa wannan kuɗin.

Na ce, "Ƙwallo nawa?"

Ya kau da kai. Ya ce kamar shida.

Ban yi makaranta ba, amma na san huɗu da shida sun fi bakwai. Na ce masa haka. Ya ce ai kowa ya san intanet da kuɗi ake saye, bai zaci sai ya faɗa ba. Na karɓi wannan. Wallahi na karɓa. Na ce yaro ne, ya manta uwarsa ba ta san abin da kowa ya sani ba.

Na sayi na'urar da kuɗin da aka turo mini. Wata na farko bagar ta ƙare kafin wata ya raba. Na sake zubawa. Kuma ko da akwai kuɗi a ciki, da la'asar, lokacin da duk gari ke kan waya, sai zoben nan ya fito ya yi ta juyi. Babu ɗaya, biyu, uku kuma. Rubutu ne cike da fuskar talabijin, sai ka karanta ka zaɓa, mu kuwa duk taron ba mai karatu. In Auta bai zo ba sai mu zauna muna danne-danne, wata rana mu faɗa kan masu wani yare, wata rana kan tallan mota.

Matan ba su yi mini gori ba. Sun dai fara raguwa. Wannan ta ce jikanta ba lafiya, waccan ta ce tana da baƙi. Na ci gaba da soya kofi na mutum goma, muna sha mu uku, daga baya mu biyu. Gidan da na fito takaba ina ɗokin ya sake cika, sai ya fi lokacin takabar shiru, don a lokacin ko ba komai ana shigowa gaisuwa.

A wata na uku na ce wa Auta a mayar mini da dish ɗina, zan biya bakwai ɗin. Ya ce to, sai Muhandis ya samu lokaci. Mako ya wuce, ya ce wani ƙarfe ya ɓace. Wani makon ya ce mutumin Wad Haddad ya ƙara kuɗi. Ran nan na yafa tob ɗina na tafi kasuwa da kaina, na sami Muhandis a shagonsa, ya duƙa a kan wata rediyo. Ya miƙe da sauri ya ba ni kujera.

Na ce masa na zo ne a kan dish, kuma na shirya biyan ishtirak ɗin duk wata, ko an ƙara.

Ya dube ni. "Wane ishtirak, Hajja?"

"Wanda Malam ke biya."

"Ai wannan na ƙwallo ne. Katin na ƙwallo ne kawai. Tashoshinki na Hausa kyauta suke sauka, ba a biyan ko girshi ɗaya. In kin cire katin kin jefar, ɗaya da biyu da ukunki suna nan har abin ya tsufa. Abin da na so in faɗa miki ke nan ran nan."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Ashe ƙwallaye bakwai ɗin da na kwana uku ina kallo ba nawa ba ne. A gefen dama babu abin da ya kamata a ajiye, ko ɗaya.

Na tambaye shi ina dish ɗin yake. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce ya zaci zuwa yanzu na sani. Yana kan rufin nadi, bayan tashar mota, wato ɗakin da maza ke biya su shiga kallon ƙwallo. Auta ne ya buɗe shi da wani abokinsa. Shi Muhandis da hannunsa ya ɗora shi washegarin ranar da ya sauke, da katin da komai, ya juyar da shi daga yamma.

"Kuma shi ya ce in zo dab da magariba," ya ce. "Ni da safe na so zuwa."

Wannan ce ta karya ni. A nan cikin shagon mutane na yi kuka, ban rufe fuska ba. Duk gari sun san da nadin. Matan da ke shan kofina sun sani, mazansu a can suke kallo. Aminiyata ta rantse mini daga baya cewa ta san ya buɗe wuri amma ba ta san da dish ɗina ba ne, kuma na yarda da ita. Sauran sun zaci ni na ba shi.

Ban koma gida ba, na wuce tashar. Na hango shi tun daga nesa a kan rufin kwano, ya fi ɗakin kyau. Rana tsaka ce, ba kowa sai Auta yana jera benci. Da ya gan ni sai ya saki wanda ke hannunsa.

"Yumma, me ya kawo ki nan? Nan ba wurin mata ba ne."

"Na zo ganin inda aka ajiye mini kayana kada su yi tsatsa."

Ya fara magana da Larabci, da sauri, yadda yake yi in ya rasa gaskiya. Na ce ya yi mini Hausa, da ita na yi masa rawa yana jariri. Ya zauna a kan benci. Ya ce 'ya'yansa biyu, ba shi da komai, kowa a garin nan yana ganinsa ɗan da bai yi albarka ba. Babban dish irin wannan da na'urarsa ba zai iya saya ba. Ya ce niyyarsa in wurin ya kama, shi zai riƙa biya mini akwatin da bagar duka, ba zan ma ji ba.

Na ce, "Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da na tambaya da kin hana."

Ban sani ba ko da na hana. Wataƙila da na ce ya bari in fita takaba. Wataƙila da na yi kuka kwana biyu na ba shi, don ban taɓa iya hana shi komai ba. Abin da na sani shi ne bai bar ni na zaɓa ba.

Na ce, "Ka zauna a tabarmata, ina cikin farin yadin ubanka, ka ƙirga mini bakwai da hannunka. Ka san ba na magana da magariba, ka kawo mutum da magariba."

Sai ransa ya ɓaci, kamar yadda ran mai kunya ke ɓaci. Ya ce, "To ai in gado ake bi, dish ɗin na Baba ne. Tumuni ne naki a ciki."

Da ya faɗa sai ya rufe bakinsa da hannu. Amma ta riga ta fita. Na juya na kama hanya, yana biye da ni yana Yumma, Yumma, har bakin kasuwa, sannan ya tsaya saboda idon mutane.

Da yayansa ya ji, ya yi faɗa a waya har muryarsa ta dushe, ya ce sai an mayar. Na ce a bar masa. Abincin jikokina ne yanzu, ba zan cire shi daga bakinsu ba. Yayan ya turo kuɗi, Muhandis ya samo wani dish a Madani, bai kai na farko girma ba, ya kama biyu daga cikin tashoshin uku. Na sa aka mayar wa Auta akwatinsa da 'yar na'urar a cikin leda. Matan suka dawo, ba duka ba, amma rumfa ta sake yin hayaniya. Auta ya zo da kawunsa ya durƙusa ya ba ni haƙuri, ya yi kuka, na ce na yafe. Kuma na yafe, Allah ne shaida, ba na so a tsayar da shi gobe a kan haƙƙina.

Da lokacin shuka ya zo sai ya shigo da takarda da ɗan kwalin tawada. Ya ce ta ruwan hawasha ce, ana so kowane mai gona ya sa hannu kafin a buɗe magudana. Ya karanta mini ita daga sama har ƙasa, ya fassara. Ya buɗe tawadar ya miƙo hannu zai kama babban yatsana, yadda ya saba yi tun yana ɗan makaranta.

Sai na ga hannuna ya koma cikin tob. Ban yi niyya ba.

"Bar ta nan," na ce. "Sai an karanta mini."

"Ai yanzu na karanta miki, Yumma."

"Na ji."

Ya daɗe a tsugune, tawadar a buɗe a hannunsa. Sannan ya rufe ta, ya ajiye takardar a bakin tabarma, ya ɗora mata kofi don kada iska ta ɗauke, ya fita.

Bayan azahar na kai wa limamin unguwarmu. Ya sa tabarau ya karanta. Ruwan hawasha ne, kalma da kalma yadda Auta ya faɗa, bai ƙara ba, bai rage ba. Na dangwala yatsana a gaban liman, na dawo gida ina share hawaye a hanya. Gaskiya ya faɗa mini, kuma na san takarda ta gaba ma sai na kai an duba.